Yadda za ka saba da M a kyamararka ba tare da kai ya ɗau zafi ba

Da yawa cikin samarinmu masu ɗaukar hoton biki a Agege da Idi Araba sun mallaki babbar kyamara, Canon ko Nikon ko Sony, wasu sabuwa dal wasu tokumbo daga Computer Village na Ikeja, amma har yau abin murɗawar nan na sama yana kan oto, kyamara ke yanke hukunci su nasu dannawa kawai. Ba laifi ba ne, sai dai kuɗin da ka zuba ai sun wuce na oto.

Shawarata kar ka faɗa M, wato manuwal inda kai ke saita komai da hannunka, kai tsaye, za ka rikice ka koma gidan jiya. Abu uku ne ke juya haske: afacha, wato faɗin ƙofar lenz, da shota, wato tsawon lokacin da haske ke shiga, sai ISO, wato yadda kyamara ke ƙara wa hasken da ya shiga ƙarfi. Ɗaya bayan ɗaya za ka bi su.

Fara da afacha. Murɗa zuwa Av in Canon ce, ko A in Nikon ko Sony ce, a nan kai ke zaɓar afacha kyamara ta zaɓi shota, ka sa ISO a 100 ka fita da rana. A nan mutane ke ruɗewa, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, f/1.8 a wangale take, f/16 kuwa ɗan tsukuku. Je kasuwar Mile 12 ka nemi izinin mai tumatir tukuna, ka saita kan kwandon gaba. Da lenz 50mm a f/1.8 kwandon zai fito tar, na baya duk su narke, ka maida f/11 ka sake ɗauka sai ka ga har mai turin baro can baya ya fito. In lenz ɗin da ya zo da kyamara ne, 18-55mm, ba zai sauka ƙasa da f/3.5 ba, kar ka zaci ya lalace. Hoton abokan ango layi biyu kuma kar ka yi shi a f/1.8, na baya za su yi dishi-dishi su zo suna maka ƙorafi, f/5.6 zuwa f/8 ya fi.

Sai shota, Tv in Canon ce, ko S in Nikon ko Sony ce, a nan kai ke zaɓar shota kyamara ta zaɓi afacha. Tsaya bakin titi ka jira danfo, bas ɗin hayar nan mai ruwan ɗorawa. A 1/1000, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, za ka kama ta cak kamar an kafe ta, kwandasta na lilo a ƙofa, a 1/30 kuwa sai jan layin ruwan ɗorawa kawai. In da hannu kake riƙe da kyamara kar ka sauka ƙasa da 1/60 da lenz 50mm, rawar hannu za ta ɓata hoton. Wani abu kuma, wutar Najeriya 50Hz ce, shi ya sa a wasu hol za ka ga ratsi-ratsi a hoto saboda ƙyaftawar ƙwan fitila, sa 1/50 ko 1/100 yawanci sai ya tafi.

ISO ba dogon zance. Rana 100, cikin hol da dare 1600 ko 3200. Yana hawa hoto na yin tsaki-tsaki, amma ni dai gara tsaki da hoton da ya girgiza.

To yanzu murɗa M. Leƙa ciki za ka ga wani ɗan layi mai 0 a tsakiya, − a gefe ɗaya + a ɗayan, mita kenan. Zaɓi afacha da shota yadda kake so, ka gyara ISO har alamar ta zo 0. Lissafin ninki ne, daga 1/250 zuwa 1/500 ka rage rabin haske, daga ISO 400 zuwa 800 ka dawo da shi. In rana ta take sosai, f/16 da 1/100 da ISO 100 wurin farawa ne mai kyau.

Amma fa kar ka bi mita ido rufe, musamman ranar ɗaurin aure. Ango ya sha farar shadda da babbar riga, abokai duk fari fat, mita sai ta ɗauka haske ya yi yawa, in ka tsaya a 0 shaddar ta koma ruwan toka fuskoki kuma su yi duhu ko ido ba a gani. Tura ta wajen +1 ka ɗauka ka duba, ka kunna alamar nan da ke ƙyaftawa a inda fari ya ƙone, in aikin wuyan rigar ya fara ɓacewa ka ɗan rage. Kuma ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta matse ba, ya fi ba ka damar ceto fuska a kwamfuta fiye da JPEG da aka saba da shi, illa dai yana cin kati.

In ka fito daga mota mai AC ka shiga iskar Legas mai ɗanshin nan, lenz zai yi hazo, ba saitinka ba ne. Bar kyamarar a jaka sanyin AC ya ɗan sake ta kafin ka ciro ta.