Yadda Ake Rubuta Littafin Soyayya a Kan Budurwar da Ba Ta Gamsu da Halittarta Ba

Duk wanda ya saba karanta littattafan soyayya na Hausa, tun daga waɗanda ake bayarwa haya a shaguna a shekarun 1990 har zuwa waɗanda ake turawa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad a yau, yakan gane jarumar labari tun kafin a faɗi sunanta. Fara ce sol, doguwa, mai dara-daran idanu da dogon hanci, gashinta har gadon baya, kuma sau da yawa sai an laƙa mata jinin Fulani ko na Larabawa domin a nuna inda kyawun ya samo asali. Amma mafi yawan 'yan matan da ke raba dare suna karanta waɗannan littattafai a unguwannin Kaduna irin su Rigasa da Tudun Wada da Kawo da Badarawa ba haka Allah Ya halicce su ba, kuma kowane littafi da suka kammala yana ƙara tabbatar musu cewa so na fararen mata ne. Wannan bayani domin marubuciyar da ke son ta ɗauko baƙa, ko mai ƙiba, ko siririya, ko zabiya, ko mai tabon ƙuna ta mayar da ita jarumar labarinta aka yi shi. Da mace zan yi magana domin mata ne suka fi yawa a wannan fage, ko da yake namiji ma zai sami abin ɗauka.

Abu na farko shi ne ki zaɓi damuwa guda ɗaya ki tsaya a kanta. Marubuta masu tasowa sukan ɗora wa yarinya ɗaya baƙin fata da ƙiba da gajarta da maraici da muguwar kishiyar uwa, suna zaton yawan wahala shi ke jawo tausayi, alhali kuwa gajiyar da mai karatu yake yi. Idan kin zaɓi ƙiba, to ki zauna ki lissafa wuraren da take cizon jarumarki daga safe zuwa dare: telan da ya ce yadi shida na ankon ba zai ishe ta ba a gaban ƙawayenta, mai keke napep da ya tsaya a Kasuwar Barci ya dube ta ya ce sai dai ta biya kuɗin mutum biyu, da yadda take komawa layin baya duk lokacin da aka ce a taru a ɗauki hoton biki. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne naman labarin. Ki guji buɗe littafi da yarinya tsaye gaban madubi tana kuka tana zayyano aibobin jikinta, domin an yi hakan har ya gundura, kuma wadda ta daɗe da wannan ciwo ba ta ma cika tsayawa gaban madubi ba, wucewa take yi da sauri.

Daga nan sai ki gina gidan, kuma a ganina nan ne littafin zai tsaya ko ya faɗi. Maganar da ta fi yi wa yarinya rauni ba ta cika fitowa daga bakin maƙiyi ba, daga bakin masu ƙaunarta take fitowa, kuma wannan ne ya sa take da wuyar mantuwa. Laƙabin da aka sa mata tun tana rarrafe, kamar Lukuti ko Baƙa ko Tsigai, ya bi ta har makarantar sakandare ba tare da kowa a gidan ya ɗauke shi wani abu ba. Kaka tana tsokanarta da wasan jika tana cewa, "Ke kam wa zai kwashe ki, sai dai mu yi sadaka da ke," kowa ya yi dariya, ita ma ta yi, sannan ta shiga ɗaki ta kasa cin abincin dare. Taubasanta suna da lasisin faɗin abin da suka ga dama. Gwaggo ta zo daga Zariya da kwalbar mai a jaka, ta ja ta gefe ta ce, "'Yata, ki riƙa shafawa da daddare, ba bilicin ba ne, wanke fata kawai yake yi." Babu mugu ko ɗaya a cikin waɗannan mutane, kuma idan kika mayar da su mugaye kin ɓata labarin.

Uwa ce ta fi kowa buƙatar kulawarki. Ki tambayi kanki abin da take tsoro. Tana ganin an kawo lefen ƙanwar yarinyar alhali babu wanda ya taɓa sallama da yayar, tana jin abin da ake faɗa a gidajen suna, wataƙila kuma ita ma an taɓa yi mata gorin launin fatarta a wurin dangin miji shekaru talatin da suka wuce, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Idan ta ce, "Ki rage cin nan mana, don Allah," tsoro ne ke magana da bakinta. Al'adarmu ta kunya, musamman tsakanin uwa da 'yar fari, ba ta barin uwa ta zaunar da 'yarta ta ce tana ƙaunarta, saboda haka kada ki rubuta mata dogon jawabin neman gafara irin na finafinan ƙetare, mai karatu zai ji cewa ba uwar Bahaushe ba ce. Ki sa ta nuna nadamarta da aiki: ta ɗauki kwalbar man nan ta jefa a shara ba tare da ta ce uffan ba, ko ta katse wata ƙawarta a tsakar gida ta ce, "Hajiya, a bar maganar nan, 'yata lafiyarta ƙalau." Jimla ɗaya irin wannan, idan kin shirya mata hanya tun daga farkon littafi, ta fi shafi goma na kuka. Uba kuma sau da yawa shirunsa ne abin rubutawa, da ranar da zai karya shi.

Akwai wani rami da marubuta da yawa suke faɗawa, har da masu kyakkyawar niyya. Za a fara da yarinya baƙa, 'yar talakawa, wadda kowa ke ƙyama, sai a tsakiyar littafi wata hamshaƙiya ta ɗauke ta zuwa Abuja ko Dubai, a yi mata dilka da halawa, hutu ya ratsa ta, ta dawo "ta yi haske ta murje", sannan saurayin da ya raina ta ya zo yana roƙo. Marubuciyar tana ganin ta rama wa jarumarta, amma abin da ta gaya wa mai karatu shi ne masu gorin sun yi gaskiya, jikin ne ke da laifi, kuma sai an gyara shi ake cancantar so. Ƙa'idar da nake bai wa kowa ita ce: jikin da jarumar ta shiga littafin da shi, da shi za ta fita. Tana iya koyon ɗinkin da ya dace da ita, ta yi lalle, ta yi kwalliya, ta daina ɓuya a cikin hijabin da ta zaɓa don ya rufe ta daga idon mutane kawai, amma launinta da ƙirarta su tsaya yadda suke.

Wannan ba yana nufin ki kauce wa maganar mayukan bilicin da magungunan ƙiba ba, domin suna cikin rayuwar masu karatunki. A shekarar 2023 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta bayyana shafe-shafen canza launin fata a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. Idan jarumarki ko ƙawarta za ta faɗa ciki, ki rubuta shi da sani. Yawancin waɗannan mayuka suna ɗauke da sinadarin haidirokwinon, ko sitiroyid, ko makuri. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Haidirokwinon idan aka daɗe ana shafawa yakan bar baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita, makuri kuma yana lalata ƙoda. Gaɓoɓin yatsu sukan ƙi yin fari, shi ya sa mai shafawa take ɓoye hannunta. Haka nan ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe", waɗanda siraran 'yan mata ke sha gab da biki domin su ciko, galibi akwai sitiroyid a ciki, wanda ke kumbura fuska, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya raunana garkuwar jiki. Kada ki zuba waɗannan bayanai kamar lacca. Ki bar mai karatu ya gan su a jikin mutum, a hankali, babi bayan babi, kuma kada ki mayar da mai shafawar abar dariya, domin gorin da aka yi mata ne ya kai ta.

Sai saurayi. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a kawo kyakkyawan attajiri ya ce mata ita kyakkyawa ce, daga ranar kuma ciwon shekara ashirin ya warke. Wadda aka daɗe ana kushewa ba ta gaskata yabo da wuri. Za ta zaci ba'a yake yi mata, ko tausayinta yake ji, ko akwai abin da yake nema, kuma wannan rashin yarda shi ne rikicin soyayyar da za ki ja har tsakiyar littafi, ba kya buƙatar boka ko makircin kishiya. Ki sa ya fara lura da ita a wurin da take da ƙarfi, wato inda ta manta da jikinta: tana koyarwa a Islamiyya, ko tana cinikin atamfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi tana juya lissafi a ka, ko tana gardamar karatu da 'yan ajinsu a Jami'ar Jihar Kaduna. Amma ki tabbata yana son surarta ma, a fili, cikin ladabin da rubutunmu ya saba da shi. Namijin da zai ce "ni halinki nake so, ban damu da kamanninki ba" ya yi mata gori ne a cikin zuma, kuma mata masu karatu za su ji ɗacinsa. Ki ba shi nasa rauni, ki ba shi dangi masu baki, domin ranar da yayyensa mata za su zo ganin amarya su koma suna zunɗe tana daga cikin manyan ranakun littafin. Sannan ki tsara yadda jarumar za ta ɗauki mataki mafi girma ita kaɗai, a lokacin da ba ta da tabbacin zai aure ta, misali ta mayar wa gwaggonta martani cikin ladabi, ko ta tsaya a layin gaba a hoto.

Addini yana da wurinsa a irin wannan labari, kuma akwai abin ɗauka mai yawa. Aya ta 4 ta Suratut Tin ta ce an halicci mutum a cikin mafi kyawun tsayuwa, hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce Allah ba Ya duban surorinku da dukiyoyinku sai zukatanku da ayyukanku, ga kuma labarin Abdullahi ɗan Mas'ud, wanda aka yi dariyar sirantar ƙwaurinsa, Manzon Allah (SAW) ya ce sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Sai dai jarumarki ta san waɗannan tun tana ƙarama, saninsu bai hana ta kuka ba. Saboda haka ki ajiye su sai lokacin da zuciyarta ta shirya ji, kuma ki sa su a bakin wanda ya cancanta, ba a bakin gwaggon da ta kawo mai ba.

Wajen siffantawa, ki nemo wa baƙar fata da cikar jiki kalmomi masu daɗi kamar yadda aka tara wa farar fata, kuma Hausa ba ta rasa su ba: baƙa mai sheƙi, wankan tarwaɗa, mai wushirya, mai cikar zati. Ki kula da kalmar "amma". Duk inda kika rubuta "baƙa ce amma kyakkyawa", kin shiga sahun masu gori ba ki sani ba. Idan kin kammala rubutu, ki bi shi daga farko ki farauto wannan kalma.

Idan abin da kika zaɓa ya shafi lafiya, kamar zabiya ko sikila ko shan inna, wajibi ne ki zauna da masu shi ki saurara kafin ki rubuta. Zabiya, alal misali, ba kallon mutane kaɗai ke damunta ba, akwai raunin gani da ke sa ta zama a bencin gaba a aji, da zafin ranar watan Maris da Afrilu da ke ƙona mata fata har ya iya kai wa ga sankara. Haka idan kika bi jarumar har bayan aure, ki tambayi masu jego yadda suke ji da teɓa da nankarwa bayan arba'in, domin wannan babi ne da littattafanmu suka cika tsallakewa.

In za ki saki labarin shafi-shafi, ki shirya wa matsin masu karatu, domin tun kafin babi na goma za su fara roƙon ki "gyara" jarumar, wasu har su ce ba za su biya kuɗin ci gaba ba idan ba ta yi fari ba. Hanyar tsira ita ce ki rubuta ƙarshen labarin ki ajiye tun kafin ki saki shafin farko. Kina iya gwada ƙarfin jigon a gajeren labari tukuna, kamar irin wanda ake shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa da shi, wadda aka fara a 2016, kuma tarukan marubuta irin su bikin littattafai na KABAFEST da aka fara a Kaduna a 2017 wuri ne na samun masu duba rubutu da idon basira. Ki ba aƙalla mutum biyu masu irin jikin jarumarki su karanta, ki tambaye su inda suka ji an yi ƙarya.

Abu na ƙarshe shi ne bango. Masu haɗa bangon littafi sun saba ɗauko hoton farar yarinya siririya daga intanet, ko na 'yar fim ɗin Indiya, su liƙa ba tare da sun karanta ko layi ɗaya ba. Ki gaya wa mai haɗawar kamannin jarumarki dalla-dalla tun kafin ya fara, ki ga aikin kafin ki biya, idan kuma ya kasa samo hoton da ya dace, ki ce ya yi bangon da zanen lalle ko da rubutu zalla.