Darasi na 9: Kula da haƙoran injin huɗa da yadda ake sauya su

A fadamar Gulbin Maraɗi, daga Jiratawa da Sumarana har zuwa Tibiri, manoman rani suna amfani da ƙaramin injin huɗa wanda ake bi a ƙafa, ana riƙe da hannuwansa biyu. Abin da yake taɓa ƙasa a jikin injin nan shi ne haƙora, wato lanƙwasassun ƙarafa da aka ɗaure da kusoshi masu noti a kan sandar da ke juyawa. Da yawa daga cikinmu muna kula da mai da buji, mu manta da haƙora, alhali duk ƙarfin injin a kansu yake ƙarewa.

Ƙasarmu iri biyu ce, kowace da irin ɓarnarta. Rairayin jigawa yana cin ƙarfe sannu a hankali kamar yadda dutsen washi yake cin wuƙa. Lakar fadama kuwa, idan ta bushe ta ƙeƙashe, tana lanƙwasa haƙori ko ta karya kusa. Saboda haka ku ba fili ruwa kwana ɗaya ko biyu kafin huɗa, har ƙasa ta yi danshin da za ta marmashe a hannu ba tare da ta manne ba.

Sabon haƙori yana da faɗi har zuwa bakinsa. Idan ya cinye, bakin yakan tsuke ya yi tsini, tsawonsa ya ragu, sai ku ga injin yana tsalle, yana barin layin ƙasa da bai huɗe ba, zurfin da ya kamata ya kai santimita 10 zuwa 15 ya ƙi samuwa. Mai aiki zai sake bin fili sau biyu ko uku, mai ya ƙone, kafaɗu su gaji, kuma saiwar tumatir da albasa ba za ta sami ƙasa mai laushi ba. Wanda ya ƙi sayen haƙora don tattalin kuɗi yana biyan kuɗin a wurin mai sayar da mai.

Kafin hannu ya kusanci haƙora, ku kashe injin, ku rufe hanyar mai, ku cire wayar buji, domin juya sandar da hannu yana iya tayar da wasu injuna. Idan injin na gazuwal ne, ku cire ƙarfen tayarwa ku ajiye shi nesa. Ku jira ya huce, ku tokare shi da katako don kada ya faɗo, ku kori yara daga wurin. Wannan gargaɗi ba na wasa ba ne, yatsan da ya tafi ba ya dawowa.

Kowace yamma bayan aiki a kankare laka, a kwance saiwoyi da leda da igiya da waya da suka naɗe a sandar. Idan aka bar su, sukan cinye robar da ke tare man gidan sarƙar da ke juya sandar, mai ya tsiyaye, gyara ya zama babba. Daga nan a taɓa kowane noti a ji ko ya yi sako-sako.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne ɗaura sababbi. Haƙora ba iri ɗaya ba ne: akwai mai lanƙwasa zuwa dama, akwai mai lanƙwasa zuwa hagu, kuma sau da yawa an buga harafin R a kan na dama, L a kan na hagu. Kada ku kwance su duka lokaci guda, domin tsarin zai ɓace muku. Ku cire ɗaya, ku aza sabo a kansa ku gwada lanƙwasa da tazarar ramuka, ku ɗaura shi a gurbinsa, sannan ku wuce zuwa na gaba. Mai waya yana iya ɗaukar hoton tsarin tun kafin ya fara. Gefen haƙori mai kaifi shi ne zai fara shiga ƙasa idan sandar ta juya. Idan aka juya shi baya, gadon bayansa ne zai riƙa dukan ƙasa, injin ya yi ta girgiza, kusoshi su tsinke. Notin da tsatsa ta kama a ɗiga masa mai a bar shi ya jiƙa, kada a far masa da guduma. Kusar da ta lanƙwashe ko zarenta ya cinye a jefar da ita, a nemi mai lamba 8.8 a kanta, domin kusa mai taushi ba ta jure wannan aiki. Bayan awa ɗaya da fara huɗa a kashe injin a sake ɗaure notina duka.

Idan haƙori ɗaya ne ya karye alhali sauran suna da sauran rai, a sauya shi tare da wanda yake daura da shi a ɗaya gefen sandar don nauyi ya daidaita. Idan duka sun cinye, a sauya su gaba ɗaya.

Maƙeranmu suna ƙera haƙora da ƙarfen sifirin na mota, kuma wasu aikinsu yana da kyau ƙwarai. Sai dai ku kai wa maƙeri haƙorin da bai cinye ba ya yi awo da shi, ku kuma tabbatar kauri da ramuka sun yi daidai. Haƙorin da aka gasa a wuta aka miƙe yakan rasa taurinsa, ba ya daɗewa.

Idan aikin rani ya ƙare, a wanke haƙora, a shanya, a shafa musu baƙin mai, a ajiye injin a inuwa a kan katako inda ruwan damina ba zai same shi ba.

Aikin wannan mako: kowa ya ƙirga haƙoran injin da ke kusa da shi, ya rubuta a littafinsa nawa ne na dama, nawa ne na hagu, nawa ne kuma suka yi tsini, ya zo da amsar aji.