Darasi na Bakwai: Yadda Ake Jefa Ƙwallo Cikin Kwando

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin ginin ƙasa a cikin Maradi ya ga yadda lebura yake jefa wa magini tubali idan bango ya yi tsawo. Ba da ƙarfin damtse yake yi ba, domin da haka ne, da kafin azahar hannunsa ya mutu. Yakan ɗan durƙusa ne ya miƙe, tubalin ya tashi tare da miƙewarsa, ya isa hannun magini a hankali kamar an ɗora masa. Jifan ƙwallon kwando ma haka yake: ƙarfi daga ƙafafu yake fitowa, hannu kuwa hanya kawai yake nuna wa ƙwallo.

Ya kamata mai koyo ya fara sanin abin da yake jifa. Wani malamin motsa jiki ɗan asalin Kanada mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro wasan a shekarar 1891 a garin Springfield na Amurka, inda ya rataye kwandunan ɗibar ƴaƴan itace a tsayin mita 3.05, kuma har yau tsayin ke nan. Faɗin bakin kwandon santimita 45 ne, kaurin ƙwallon maza kuwa wajen santimita 24, ta mata ta ɗan fi ƙanƙanta. Wato saura kaɗan ƙwallo biyu su shige a jere. To me ya sa ɗaya take ƙin shiga? Je ka tsaya a kan randa ka leƙa bakinta daga sama, za ka gan shi a buɗe, zagaye. Sai ka ja baya ka durƙusa har idonka ya kusa daidai da bakin, za ka ga ya tsuke ya zama siriri. Ƙwallon da ta zo a miƙe kamar jifan tsuntsu da dutse, wannan siririn baki take tararwa, shi ya sa take dukan ƙarfe ta dawo. Wadda aka lula sama ta sauko, ita ce take samun bakin a buɗe.

Tsayuwa ita ce tushe. Ka buɗe ƙafafunka daidai faɗin kafaɗunka, ƙafar da ke gefen hannun jifa ta ɗan wuce ɗayar gaba kaɗan, yatsunta suna duban kwando. Bahago sai ya juya wannan bayani duka, kuma kada wani ya tilasta masa canza hannu. Ka lanƙwasa gwiwoyi kamar mai shirin zama a kan turmi, nauyinka ya koma gaban tafin ƙafa, bayanka a miƙe, kanka a ɗage. Idan aka ɗan ture ka a kafaɗa ka yi tangaɗi, tsayuwarka ba ta yi ba tukuna.

Riƙon ƙwallo shi ne wurin da manya suka fi shan wahala, saboda hannun da ya saba da fartanya ko sitiyarin mota ya saba damƙe abu da ƙarfi. Ƙwallo ba ta son damƙa. Ka ware yatsun hannun jifa, ƙwallon ta zauna a kansu ba a tsakiyar tafi ba, har ya zama akwai ɗan sarari tsakaninta da tafin da yatsa ɗaya zai iya shiga. Ka karya wuyan hannu baya kamar mai tallan da ta ɗauko faranti a tafinta, har fatar wurin ta yi ƴar tattara. Ɗaya hannun kuwa a gefen ƙwallo yake, yana tallafa mata kada ta faɗi, kuma yana rabuwa da ita gab da fitarta. Ni kaina na daɗe ina tura ƙwallo da babban yatsan hannun hagu ban sani ba, ina ta mamakin yadda take karkata kullum, sai da wani abokin wasa ya sa ni na yi mako biyu ina jifa da hannu ɗaya, hagun yana bayana, kafin al'adar ta bar ni.

Gwiwar hannu ta kasance ƙarƙashin ƙwallo, tana duban kwando, kada ta buɗe gefe kamar fiffiken zabo. Idan ta buɗe, ƙwallo takan kauce dama ko hagu, kuma wannan kuskure ya fi na tsawo ko gajarta muni, domin wanda jifansa yake a miƙe, ƙarfi kaɗai ya rage masa ya daidaita.

Daga nan sai jifan kansa, wanda motsi ɗaya ne marar yankewa duk da cewa muna bayaninsa gaɓa-gaɓa. Gwiwoyi suna miƙewa, ƙugu yana tashi, ƙwallo tana hawa ta gaban fuska har saman goshi, sannan hannu ya miƙe sama, wuyan hannu ya karye gaba, ƙwallo ta zame daga kan manuniya da yatsan tsakiya, su ne na ƙarshen taɓa ta. Wannan zamewa ita take sa ƙwallo ta tafi tana juyawa da baya, kuma amfanin juyin shi ne idan ta taɓa ƙarfe ko allon da ke bayan kwando gudunta yakan ragu, ta yi laushi, sau da yawa ta gangara ciki. Bayan ta fita kada ka janye hannu da sauri. Ka bar shi a sama, yatsu suna duban ƙasa kamar mai laluben goro a cikin kwanon da ke saman kabad, har ƙwallo ta sauka. Ido kuma tun farko yana kan bakin kwando. Wasu sukan dubi gaban ƙarfen, wasu bayansa. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, kada ka bi ƙwallo da kallo a sama. Mai jifa da tsalle ya saki ƙwallo gab da ƙarshen tashinsa, ya kuma sauka a kan ƙafa biyu kusa da inda ya tashi.

Mai karatu zai iya cewa ai lebura daga ƙasa yake jefa tubali. Gaskiya ne, kuma an yi wani ɗan wasan Amurka, Rick Barry, wanda yake jifan kyauta, wato jifan da ake ba ɗan wasa ba tare da mai tsaro ba idan an yi masa laifi, daga ƙasa da hannu biyu, yana cin kusan tara cikin goma. Sai dai wannan ba ya yiwuwa a tsakiyar wasa, inda mai tsaro zai kaɗe ƙwallon tun ba ta wuce ƙirji ba.

Kuskuren da ya fi yawa a filayenmu shi ne gaggawar nisa. Mutum bai iya jifa daga mita biyu ba, sai ya tafi bayan layin maki uku, wanda hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta mayar mita 6.75 tun shekarar 2010, ya riƙa wurgi da dukan jikinsa, jiki kuwa abin da aka maimaita masa shi yake hardacewa, mai kyau ko marar kyau. Ka fara taku ɗaya daga kwando, kuma kada ka ja baya sai ka ci biyar a jere ba tare da ƙwallo ta taɓa ƙarfe ba. Da haka za ka kai layin jifan kyauta, mai nisan mita 4.6 daga allo, inda doka ta ba ka sakan 5 bayan alƙalin wasa ya miƙa maka ƙwallo. A nan ka riƙa yin abu iri ɗaya kowane lokaci, misali ka buga ƙwallo ƙasa sau uku, ka ja numfashi, ka jefa. Da yake yawancin filayenmu a waje suke, ranar da iskar hunturu ta yi ƙarfi ka tsaya kusa da kwando, kada ka lalata jifanka wajen kokawa da iska. A watannin Afrilu da Mayu kuwa a yi horo bayan asuba ko bayan la'asar, da ruwan sha a kusa, kuma da takalmi mai rufi, domin silifa a kan siminti ita take kawo targaɗe.

Aikin wannan mako ba ya bukatar fili. Ka kwanta rigingine a kan tabarma, ka jefa ƙwallo sama da hannu ɗaya sau ashirin, kana lura ko tana juyawa da baya kuma tana dawowa cikin hannunka. Ka rubuta a littafinka sau nawa ta dawo daidai kowace rana, ka zo da lissafin aji mu karanta tare.