Yadda Za A Gane Yaron Da Jikinsa Ba Ya Karɓar Alkama, Da Yadda Za A Kula Da Shi

A Kano da wuya yaro ya wuni bai ci alkama ba, domin in bai karya da burodi ba zai ci gurasa ko taliya da rana. Akwai yaran da garkuwar jikinsu ke ɗaukar sinadarin alkama tamkar abokin gaba, wato abin da likitoci ke kira alaji. Alamominsa kan bayyana daga 'yan mintoci zuwa awa biyu bayan cin abinci: borin jini mai ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko fatar ido, amai, ciwon ciki, wani lokaci har da tari da shessheƙa. Sau da yawa a lokacin yaye ake fara lura, sa'ad da aka ɗanɗana wa jariri biskit ko Cerelac na alkama.

Matakin farko shi ne uwa ta riƙa rubuta abin da yaron ya ci, da lokacin, da abin da ya biyo baya, ta kuma ɗauki hoton ƙurajen da waya, saboda borin jini yakan kwanta kafin layin ganin likita ya zo kanta. Sai a kai shi wurin likitan yara, kamar a Asibitin Hasiya Bayero ko na Malam Aminu Kano. Likita na iya neman gwajin fata, wanda ake duba sakamakonsa bayan kamar minti 15, ko gwajin jini, amma mafi tabbaci shi ne a ba yaron alkama kaɗan-kaɗan a gaban ma'aikatan lafiya. Ina roƙon iyaye kada su gwada wannan a gida. Amma in ba irin waɗancan alamu ya nuna bayan cin alkama ba, kada a cire masa ita bisa zato kafin gwaji, domin akwai cutar siliyak mai lalata hanji, wadda gwajinta ke buƙatar yaro yana cin alkamar.

Idan an tabbatar, maganin shi ne ƙaurace wa alkama, kuma nan ne wahalar take. Alkaki da funkaso da alkubus da fanke da semovita kowa ya san da alkama ake yin su. Abin tsoron shi ne fulawar da ke ɓoye: wasu masu ɗanwake da waina suna zuba ta don ƙullu ya kama, mai ƙosai na iya soya fanke a mai ɗaya, injin niƙan unguwa kuwa yakan niƙa gero bayan alkama ba tare da an wanke ba. A tambaya ba kunya, a karanta jikin kwali, a kuma sanar da malamansa na boko da na Islamiyya. Gero da dawa da masara da shinkafa da acca sun wadatar da shi.

Ƙaiƙayi kaɗai, maganin ƙaiƙayi irin setirizin da likita ya rubuta zai kwantar da shi. Amma idan numfashi ya sarƙe, ko murya ta dushe, ko jiki ya saki, to allurar adirenalin a cinya ce ke ceton rai, sai a garzaya asibiti mafi kusa nan take. Yawancin yara kan rabu da matsalar kafin su balaga, don haka a riƙa komawa wurin likita ya sake dubawa.