Masu ƙungiyar taimakon marayu a Zamfara, ga inda ake yawan tuntuɓe da doka da haraji

Tunda rashin tsaro ya koro mutane daga ƙauyuka zuwa Gusau da Ƙaura da Tsafe, ƙungiyoyin taimako sunka yawaita, kusan kowace unguwa akwai masu tara kuɗi don marayu da 'yan gudun hijira, Allah shi saka masu da alheri. Amma da ka tado maganar takardu sai a ce ma "mu fa don Allah muke yi". To malam hukuma ba ta ganin zuciya, takarda take dubawa.

Abin da ya fi kashe ƙungiyoyin ga shi ne akawun ɗin ciyaman. An ɗora hoton mara lafiya a Facebook ko guruf ɗin WhatsApp, ƙasa an sa lambar akawun ɗinshi, alat na ta shigowa, kuɗin marayu na haɗuwa da na cefanen gida da na kasuwarshi, bayan wata uku shi kanshi bai iya faɗa ma nawa ne na wa. Ko da mutumin kirki ne na gaske, a wurin banki kuɗin nashi ne, ranar da ta Allah ta kasance sai su faɗa lissafin gado, ku kuma ku tsaya kuna rantse-rantse gaban magada. Maganin shi ne ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu, wato masu riƙe wa ƙungiya amana a gaban doka, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020. Ana son amintattu aƙalla biyu waɗanda sunka kai shekara 18, da tsarin mulkin ƙungiya a rubuce, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani na da ƙorafi. In satifiket ya fito ku karɓi lambar haraji ta TIN, ku yi rajistar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, don bankuna na tambayarta, sannan ku buɗe asusu da sunan ƙungiya wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita.

Takardar da kunka karɓo daga ƙaramar hukuma ko wata ma'aikatar jiha tana da nata amfani, amma ba ita ke ba ƙungiya ikon mallakar fili da sunanta ko kai ƙara kotu ba. Kuma don Allah a daina cika jerin amintattu da sunayen manya don kwalliya, Alhaji wane da Onarabul wane da ba su taɓa zuwa mitin ba. Ranar da kuke neman sa hannunsu za ku sha zirga-zirga, canza amintacce kuwa sai an koma CAC an sake buga jarida.

Wasu kuma suna samun satifiket sai su sa shi a firem su rataye a ofis, shikenan. A'a, duk shekara akwai rahoton da ake kai wa CAC tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, in kun yi shiru tara ce ke taruwa, kuma a shafinsu sai a nuna ƙungiyarku ba ta aiki, masu bada tallafi na waje kuwa nan suke fara leƙawa kafin su buɗe takardarku. Sashe na 839 na dokar CAMA ma ya ba CAC hurumin dakatar da amintattu in an samu almundahana, ku tuna surutun da anka sha kanshi a 2020.

Sai haraji, inda kowa ke cewa "ai ƙungiyar agaji ba ta biya". Rabin gaskiya ce. Gudummawa da tallafin da kunka kashe kan aikin taimako ba a cire masu harajin riba, amma in kun sayi kanofi da kujeru kuna bada haya ko kun buɗe gidan fiya wata, wagga riba ta kasuwanci ce kuma hukuma na da rabonta. Ko ba ku da abin biya ma sai kun shigar da bayanan shekara wurin hukumar harajin tarayya, wadda a da ake kira FIRS, daga Janairun 2026 ta koma NRS. Ma'aikatanku masu albashi kuma ku ke da alhakin cire masu harajin albashi, wato PAYE, ku kai hukumar harajin jihar Zamfara kafin 10 ga wata mai zuwa ya wuce, sai dai a sabuwar doka naira 800,000 na farko a shekara ba haraji kansu. In kun ba ɗan kwangila aikin rijiyar burtsatse akwai kason da za ku riƙe ku tura wa hukuma, in kun manta ku za a bi ba shi ba. Harajin sayen kaya na VAT na kashi 7.5 shi ma ba ya ɗaga maku ƙafa in kun sayi kayan da ake ɗora mashi.

Wani abu da ban so ko kaɗan shi ne amintattu su yanka wa kansu albashi ko a raba rarar kuɗi da sallah. Doka ta hana. Kuɗin mai da na mota da mutum ya kashe a kan aiki ana iya mayar mashi in ya kawo rasit. Ko ƙungiya ta watse kayanta wata mai irin aikinta ake ba, ba a kasa su tsakanin membobi.

Tsabar kuɗi kuma a yi hattara, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ce ƙungiya ba ta biya ko karɓar sama da naira miliyan 10 hannu da hannu sai ta banki. Na san a ƙauyukanmu wani wurin ko sabis babu balle POS, dole sai tsaba, to ku tafi da takardar sunaye, duk wanda ya karɓa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, mai unguwa ya shaida, ma'aji ya adana kwafi a fayil ɗin watan.