Yadda Ake Gane Ko Iri Ne Ko Muhalli Ya Sauya Ingancin Waken Soya

Manoma biyu za su iya ɗibar irin waken soya daga buhu ɗaya, kowa ya je ya shuka a gonarsa, amma idan aka kai ƙwayar ɗakin gwaji bayan girbi, sai a tarar furotin ɗin wannan ya ɗara na wancan, man kuma ya bambanta. Nan take sai a ɗora wa irin laifi, ko a ce mai sayar da iri ya yi algus. Sau da yawa irin ba shi da laifin komai. Gadon da ke cikin ƙwayar shi ke shata iyakar abin da shukar za ta iya bayarwa, sannan zafin rana da ruwa da ƙasa su yanke inda za ta tsaya a cikin wannan iyaka. Abin da ke damuna shi ne yadda ake watsar da iri mai kyau saboda sakamakon shekara ɗaya, a rungumi wani da sa'ar yanayi kawai ta ɗaga. Ga hanyar da za ka bi ka rarrabe tsakanin su biyun da hannunka.

Mataki na farko: san abin da kake aunawa

Idan aka cire ruwan da ke cikin ƙwayar waken soya gaba ɗaya, kusan kashi 40 cikin 100 furotin ne, kusan kashi 20 mai ne, kusan kashi 35 sukari da ɓawo da dangoginsu, ragowar kashi 5 kuma ma'adanai ne. Shi kansa man kashi-kashi ne: a irin da aka saba nomawa, linoleik ya haura rabi, oleik bai cika kashi ɗaya cikin huɗu ba, linolenik kuma kusan kashi 8. Wannan na ƙarshen shi ke sa mai saurin lalacewa da sauya wari idan ya daɗe ko ya sha wuta.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata ka kiyaye tun yanzu. Wasu ɗakunan gwaji suna ba da sakamako bisa busasshiyar ƙwaya, wasu kuma bisa ƙwaya mai danshi kashi 13. Waken da ya nuna furotin 40 a ma'aunin farko, 34.8 zai nuna a na biyu, domin 40 sau 0.87 ke nan. Wake ɗaya ne, lissafin ne ya bambanta. Kafin ka kwatanta takardu biyu, duba da wane ma'auni aka rubuta kowace.

Sannan ka yanke shawarar abin da kake nema. Mai matsar mai, da mai haɗa abincin dabbobi, da mai tanadin irin shuka, kowannensu abin da yake kira inganci daban ne.

Mataki na biyu: zaɓi iri bisa abin da kake nema

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Waken soya yana barbarar kansa da kansa tun furen bai gama buɗewa ba, abin da ke haɗuwa da wata shukar bai cika kai kashi 1 cikin 100 ba, don haka iri yana riƙe halinsa daga shekara zuwa shekara. Yana da kuromosom 40, wato zaruruwan da ke ɗauke da gadonsa, a jere tagwaye 20, kuma tun a 2010 aka wallafa cikakkiyar taswirar gadonsa daga wani irin Amurka mai suna Williams 82. Masu bincike sun daɗe da gano cewa akwai wani gurbi a kuromosom na 20 da ke da babban tasiri a kan yawan furotin.

Sai dai kada ka sa ran samun komai a iri ɗaya. Furotin da mai kishiyoyin juna ne a cikin ƙwaya, domin daga tukunya ɗaya suke ci, wato abincin da ganye ke haɗawa da hasken rana. A bisa ƙiyasin da masu kiwon iri ke amfani da shi, idan furotin ya hau da maki biyu, mai yakan sauka da kusan maki ɗaya. Haka kuma irin da ya yi fice a furotin yakan ɗan gaza a yawan amfanin gona. Duk wanda ya ce maka irinsa ya fi kowa furotin, ya fi kowa mai, ya kuma fi kowa cika buhu, ka nemi ganin takardar gwajinsa.

Akwai halayen da gado ke riƙe da su kam-kam, muhalli ba ya iya juya su sosai. Idan ƙwayoyin gado biyu da ake kira FAD2-1A da FAD2-1B suka daina aiki, oleik yakan tashi zuwa wajen kashi 80, man ya zama mai jure wuta. Akwai irin da aka cire masa sinadarin lifoksijines, wanda ke kawo ƙarnin ɗanyen wake, akwai kuma wanda aka rage masa rafinos da sitakiyos, sukarin nan biyu masu kumbura ciki. Idan irin waɗannan halaye kake so, a wajen zaɓen iri za ka same su. Taki ko ban-ruwa ba za su kawo maka su ba.

Kada ka manta da tsawon rana. Waken soya yana fure ne idan dare ya yi tsawo, shi ya sa aka kasa irinsa rukuni-rukuni daga 000, na ƙasashe masu nisa da tsakiyar duniya, har zuwa rukuni na 10 na wurare masu zafi. Irin da aka kai inda bai dace da shi ba zai yi fure da wuri yana ɗan tsugul, ko ya yi ta ganye har ruwa ya ɗauke.

Mataki na uku: shimfiɗa gwajin

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Ka ɗauki iri uku ko huɗu, ka haɗa da wanda ka saba shukawa domin ya zama ma'auni. Ka nemi gonaki biyu ko uku da suka bambanta a ƙasa ko ruwa ko tudu da kwari. A kowace gona ka yanka ƙananan fegi, kowane iri ya samu fegi uku aƙalla, kowane fegi layi huɗu, kuma layi biyun tsakiya kaɗai za ka girbe don gwaji, saboda na gefe suna samun haske da sarari fiye da kima.

Kada ka jera su yadda ranka ya so. Rubuta sunayen a takarda, ka nannaɗe, ka zaɓa da ka. Idan ba haka ba, hannunka zai kai irin da kake ƙauna gefen da ƙasa ta fi kyau ba tare da ka sani ba. Ranar shuka ɗaya, tazara ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya. Kuma ka ƙudurta cewa shekara biyu za ka yi kana maimaitawa, uku ma ta fi.

Mataki na huɗu: gyara ƙasa, ka duba saiwa

Furotin ba ya samuwa sai da naitirojin, kuma kusan rabin abin da shukar ke buƙata, ko fiye, daga iska take samu ta hanyar bakteriyar Bradyrhizobium da ke zaune a 'yan ƙulle-ƙullen jikin saiwa. Idan gonar ba ta taɓa ganin waken soya ba, ka cuɗa irin da garin bakteriyar a inuwa, ka shuka a ranar. Bayan mako biyar ko shida ka tono shuka kaɗan a hankali, ka tsaga ƙullin da farce. Idan cikinsa ja ne ko ruwan hoda, yana aiki. Fari ko kore kuwa zaman banza yake yi.

Ƙasa mai tsami tana hana wannan aiki, don haka a nemi ma'aunin tsaminta, wanda ake kira pH a takardar gwajin ƙasa, ya tsaya tsakanin 6 da 7. Ƙarancin farar wuta a ƙasa yana rage metiyonin da sistin, biyu daga cikin tubalan da ke gina furotin, waɗanda dama ƙarancinsu ne raunin furotin ɗin waken soya. Fosfarus da fotashiyam kuma a zuba su bisa abin da gwajin ƙasa ya nuna.

Mataki na biyar: sa ido a makonnin cikar ƙwaya

A nan muhalli ke yin yawancin aikinsa, kuma a nan ne mafi yawan mutane ba sa rubuta komai. A tsarin matakan girman waken soya da masu bincike Fehr da Caviness suka fitar a 1977, wanda har yau shi ake bi, matakin R5 shi ne lokacin da ƙwaya ta kai milimita 3 a cikin kwanson da ke ɗaya daga gaɓoɓi huɗu na sama. R6 shi ne lokacin da koriyar ƙwaya ta cika kwanson fam. R7 kuma shi ne ranar da ka ga kwanso ɗaya a jikin kara ya yi launin nuna. Daga R5 zuwa R7 shukar ke zuba mai da furotin a cikin ƙwaya. Abin da ya faru kafin nan ya fi shafar yawan kwanso, abin da ya faru a wannan tsakanin shi ke shafar abin da ke cikin kwanson.

Ka sami littafi, ka rubuta ranar da kowane iri ya shiga R5 da ranar da ya kai R7, da zafin rana mafi girma da mafi ƙanƙanta na kowace rana, da ruwan da ya sauka. Ma'aunin zafi da mazubin auna ruwan sama sun wadatar.

Ga abin da za ka riƙa nema. Ɗumi a wannan lokaci yana ƙara oleik, ya rage linolenik, sanyi kuma yana yin akasin haka. Yawan mai yakan hau tare da ɗumi har zuwa wajen digiri 28 a ma'aunin Salshiyas, daga nan ya fara sauka. Aisofilabon, wani sinadari da ke cikin ƙwayar waken soya, yana raguwa sosai idan zafi ya yi yawa. Fari a wannan tsakanin yana gajarta kwanakin cika, ƙwaya ta fito ƙanana, kuma sau da yawa kason furotin yakan nuna ya hau. Kada wannan ya ruɗe ka. Furotin ɗin bai ƙaru ba, sauran abubuwan ne suka ragu, kuma idan ka lissafa abin da hekta ta bayar gaba ɗaya, asara ka yi. Idan zafi da fari suka haɗu suka kashe shukar kafin ta nuna, ƙwaya takan fito koriya ko a yamutse, man da aka matsa daga cikinta ya yi kore, tsironta kuma ya yi rauni.

Akwai wani abu da nake so ka lura da shi sosai. Iri mai saurin nuna da iri mai jinkiri, ko da gefe da gefe suke a gona ɗaya, ba yanayi ɗaya suka cika ƙwaya a cikinsa ba. Ɗaya ya cika a makonnin zafi, ɗayan a makonnin da iska ta fara sanyi. Bambancin da za ka gani a mansu zai yi kama da na gado, alhali wani ɓangarensa na kalanda ne. Littafin nan naka shi kaɗai zai warware maka wannan. Kuma wannan ne ya sa ranar shuka take cikin manyan makaman da ke hannunka: idan ka matsar da ita, ka matsar da makonnin cikar ƙwaya zuwa wani yanayi.

Mataki na shida: girbi da ɗibar samfur

Ka girbe da zarar kashi 95 na kwanson sun nuna, danshin ƙwaya kuma ya sauko tsakanin kashi 13 da 15 cikin 100. Jinkiri a cikin ruwa da ɗumi yana buɗe ƙofa ga naman gwarin Fomofsis, mai sa ƙwaya ta yi fari-fari ta tsattsage, da Sarkosfora mai shafa mata tabo ruwan shunayya. Idan kuma danshin ya sauka ƙasa da kashi 11, kwanso yana fashewa a gona, ƙwayar tana darewa wajen sussuka.

Wajen ɗibar samfur, kada ka tsinko kwanson sama kawai don sun fi sauƙin kaiwa. Ƙwayar saman kara ta fi furotin, ta ƙasa ta fi mai, a jikin shuka ɗaya. Ka sussuke fegin gaba ɗaya, ka gauraya sosai, ka ɗebi kamar rabin kilo, ka rubuta sunan iri da gona da lambar fegi a jikin jakar. Wanda za ka ajiye don shuka, kada zafin busar da shi ya wuce digiri 40.

Mataki na bakwai: gwaji

Ka kai duk samfuran ɗakin gwaji ɗaya, a lokaci ɗaya. Ana auna furotin ta hanyar auna naitirojin a ninka shi da 6.25, ko kuma da na'urar haske da ke karanta ƙwaya cikin minti ɗaya ba tare da an niƙa ta ba. Tsiro kuwa kai ma za ka iya gwadawa: ƙwaya 100 sau huɗu a cikin yashi mai danshi, a wuri mai ɗumin digiri 25, ka ƙirga lafiyayyun tsiro a rana ta takwas. Ka auna nauyin ƙwaya 100 na kowane fegi ma.

Mataki na takwas: karanta sakamakon

Zana jadawali, iri a tsaye, gonaki da shekaru a kwance, ka sa matsakaicin fegi uku a kowane gida. Fara da duba tazarar da ke tsakanin fegi ukun na iri ɗaya a gona ɗaya. Duk bambancin da bai fi wannan tazara ba, kada ka gina hukunci a kansa.

Daga nan ka bi layi-layi. Idan iri ɗaya yana kan gaba a furotin a kowace gona da kowace shekara, ko da lambobin suna hawa da sauka, wannan gado ne, kana iya dogara da shi. Idan duk irin sun hau tare a gona ɗaya, suka sauka tare a wata, wannan muhalli ne, sai ka koma littafinka ka nemo zafi ko fari ko ƙasar da ta jawo haka. Idan kuwa jerin ya juye, wanda ya zo na ɗaya a tudu ya koma na ƙarshe a kwari, to iri da muhalli ne suka yi cuɗanya, kuma amsar ita ce kowace gona a ba ta irin da ya karɓe ta. Irin da bai taɓa zuwa na ɗaya ba amma kullum yana na biyu, a shekarar ruwa da shekarar fari, ka ware masa fegi mafi girma a gwajin shekara ta uku, ka kuma raba shukarsa gida biyu da tazarar mako biyu, domin ka ga ko zai riƙe matsayinsa idan makonnin cikar ƙwayarsa suka faɗa a wani yanayin.