In inji ya ɗau zafi ya ƙi tashi, ga inda za ka fara dubawa

Jama'a wannan matsalar tana wahalar da mutanenmu sosai musamman daga watan Maris zuwa Mayu da zafin Kano da Jigawa yake haura digiri 40. Da safe mashin kik ɗaya ya tashi lafiya lau, amma ka yi tafiya mai nisa, a ce daga ƙauye zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a, ka kashe ka tsaya gaisawa minti goma, ka dawo ka yi ta buga kik har gumi ya jiƙa ka shiru. Haka injin ban ruwa yake yi wa manoman rani a Kura da Kadawa da fadamar Haɗeja, ka kashe don ka matsar da tiyo, ka dawo ka yi ta fizgar igiya kafaɗa ta ƙage. Duk injin da yake da kafireto yana iya yin haka, har tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da har yanzu suke ɗaukar kaya a ƙauyuka.

Abu na farko don Allah kar ka ja cok. Cok na injin sanyi ne, aikinsa ya rage iska ya ƙara mai, shi kuwa inji mai zafi yawanci mai ne ma ya yi masa yawa. Abin da yake faruwa shi ne lokacin da kake tafiya iska tana fifita injin, sabon mai kuma yana ta shigowa kafireto yana sanyaya shi, to da ka kashe sai duk wannan ya tsaya, zafin da ke jikin tof, wato kan silinda, ya hau kan kafireto, fetur kuma ba ya jure zafi ko kaɗan, sai ya kama tafasa a cikin kofin nan na ƙasa kamar madara a wuta, ya tumbatsa ya gangara hanyar shiga silinda. Ka zo tayarwa ka tarar mai ya cika, iska ta yi kaɗan, in ka ƙara da cok ka jiƙa fulogi gaba ɗaya.

Maganinsa a wurin: cok a kashe, ka murɗe totur har ƙarshe ka riƙe shi a haka, kar ka dinga famfa shi, ka buga kik a jere. Iska mai yawa ce za ta shiga ta kwashe man. In ya tashi da baƙin hayaƙi da warin fetur to ka gano cutar. A mota ma haka ne, ka taka totur ƙasa ka riƙe sannan ka yi ki, famfawa tana ƙara watsa mai ne kawai.

Amma in kullum sai ka yi haka, akwai abin da ya lalace. Kwance fulogi ka kalle shi, shi ne zai gaya maka gaskiya. In ka gan shi a jiƙe ko baƙi ƙirin da toka, mai ne ya yi yawa, sai ka duba allurar fulot ɗin kafireto, wadda take rufe shigar mai in kofin ya cika, in bakinta ya cinye ko datti ya maƙale mata ba za ta rufe ba, mai zai yi ta zuba ko inji a kashe, shi ne obafulo ɗin da makanikai suke faɗa. Dattin nan kuwa sau da yawa daga man jarka da na kwalba yake zuwa, shi ya sa nake ganin ƙaramar filtar mai ta kan tiyo ta fi kuɗinta amfani nesa ba kusa ba. Ka duba sosan iya kilina ma, ƙurar hunturu da ta hanyar burji tana toshe shi, inji ya rasa numfashi. Sannan akwai wata baƙar roba mai tauri tsakanin kafireto da tof, wasu in ta fashe sai su cire ta su ɗaure haka nan, alhali ita ce take tare zafi kar ya kai ga kafireto. In babu ita a nemo a mayar. Kuma ka saba rufe famfon mai duk sanda ka tsaya.

In kuma fulogi a bushe yake ƙayau, to mai ne bai iso ba. Buɗe murfin tanki ka saurara, in ka ji ya ja iska fuuu, ɗan ramin numfashin murfin ne ya toshe, mai ba zai sauko ba. A tsohuwar mota kuma tiyon mai da ya bi kusa da salansa ko famfon mai da ya yi zafi, fetur ɗin ciki ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Direbobin da suna ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon su jira kaɗan, yana aiki, amma gyaran gaske shi ne a janye tiyon daga wurin zafi.

Sai wuta. Wannan dole a gwada ta lokacin da injin yake da zafin, in ka bari ya huce za ka ga komai lafiya ka kai wa makanike ya ce bai ga komai ba. Sa fulogi a hularsa, ka jingina ƙarfensa a jikin inji nesa da ramin fulogin da duk inda fetur ya zuba, ka riƙe ta wajen roba, a buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙara ita ake so. In ja ce mai rauni ko babu sam, amma bayan ya huce ta dawo, to kwayil ne ko CDI, ɗan akwatin da yake sarrafa wutar fulogi, waya ce a ciki take rabuwa in ta ji zafi. A motoci masu kwantak ka haɗa da kwandansa. Masu injin Honda GX160 da ire-irensa ku duba baƙin mai tukuna, da yawansu suna da na'urar da take yanke wuta in man ya yi ƙasa ko an ajiye injin a karkace a bakin rijiya.

Abin da aka fi mantawa da shi kuma, wanda ni a ganina ya fi cin kuɗin mutane a banza, shi ne bawul. Ƙarfe in ya yi zafi yana miƙewa, in an ɗaure bawul tamau babu 'yar tazara, da zafi ba zai rufe duka ba, matsi ya zube, inji ya ƙi tashi. Alamarsa kik ko igiya ta yi sakwaf ba nauyi in yana da zafi, silo ma, wato in ka saki totur, yana mutuwa. Wallahi na sha ganin an canja kafireto sabo fil, an canja kwayil, ashe saitin bawul ne kawai. A tsohon samfurin GX160 tazarar ita ce milimita 0.15 a bawul ɗin shiga, 0.20 a na fita, sabon samfuri kuwa a duba littafinsa, kuma da sanyi ake saitawa, da fila gej, siraran ƙarafan awon tazara, ba da ƙiyasin hannu ba. Na mashin yawanci ya fi haka ƙanƙanta kuma kowane da nasa, Boxer daban Jincheng daban, a duba littafinsa. In makanikenka ya ce shi da kunne yake saiti, ka ce masa maigida a taimaka a sa gej.

Mota kuwa in da zafi kik ɗin ne yake juyawa da ƙyar kamar batir ya mutu, da sanyi kuma ras, wannan ba ruwan kafireto. Goge kawunan batir, ka ɗaure wayar at, wadda ta taso daga negetif ɗin batir, da ke jikin inji, in bai daina ba a sauke kik sitata a duba burushi da bushin.

Sukurorin kafireto su ne na ƙarshe da za ka taɓa, kuma kafin ka murɗa na iska ka ƙirga zagaye nawa yake daga rufe ka rubuta, don in saitin bai yi ba ka iya mayar da shi inda ka same shi.